Shekarar da Na Taje Karen Dakta Bulus

Dukanku kun tashi da wani labari game da ni wanda ba ni na ba ku shi ba. An ce muku mahaifinku ya yi shekara tara yana jan salla a masallacin unguwarmu a nan Dutsin-Ma, har ranar da aka same shi da kare a cinya, aka sauke shi. Karen gaskiya ne, cinyar ma gaskiya ce. Saukewar ce ke buƙatar gyara. Na yi rayuwata ina bin rubutun 'ya'yan mutane da jan biro, don haka bai kamata in tafi in bar nawa labarin da kuskure a ciki ba.

Bayan na bar aikin hedimasta, na gina ɗakuna biyu a gaban gidanmu, da ƙofarsu daban da ɗan tsakar gida mai gajeriyar katanga, saboda jami'a ta cika garin da masu neman haya. Wanda ya kama su shi ne Dakta Bulus, mutumin Filato, malamin lissafi, mai shiru da ladabi. Ranar da ya tare, an sauke kwalayen littattafai, an sauke katifa, sai wata halitta ta diro daga bayan mota. Na ɗauka tunkiya ce irin ta hotunan littattafan Turawa, har na fara yaba masa da kiwo, sai ta yi haushi. Kun san karnukan ƙasarmu, na mafarauta da na makiyaya: gashinsu gajere ne, a manne da fata, kuma tun da aka kafa garin nan ban ji an ce wani ya taje kare ba. Wannan kuwa gashi ne a kan gashi, mai kauri, a murɗe kamar igiyar ruwa, ruwan ƙasa-ƙasa, ya rufe masa ido har sai da na yi bincike kafin in gane ina gaba ina baya. Sunansa Manjo. Muka yi yarjejeniya cewa ba zai tsallaka cikin gida ba, kuma shekara guda ba mu sami matsala ba.

A farkon daminar shekara ta biyu aka aiko wa Dakta cewa mahaifiyarsa na kwance a asibiti a Jos. Ya same ni a zaure da jaka a kafaɗa.

"Malam, na zagaya kowa. Motar haya ba za ta ɗauki Manjo ba. Kai kaɗai ka rage."

"Wato ni ne na ƙarshe a jerin masu hankali," na ce, "ko na farko a jerin marasa shi?"

"Sati uku kawai, Malam."

Ya nuna mini buhun abincin karen da kwanonsa, sannan ya miƙo mini wani buroshi mai faɗi kamar tafin hannu, fuskarsa cike da ƙananan wayoyi masu ɗan lanƙwasa a baki.

"Abinci in ka manta kwana ɗaya ba zai mutu ba. Amma wannan kullum ne, Malam. Har ƙasa, har fata."

Na ce masa na karɓi amana. Da wannan kalmar na faɗa, kuma ina so ku riƙe ta, domin duk abin da ya biyo baya daga gare ta ya fito. Ciwon tsohuwar ya ja, sati uku suka zama wata biyar.

Da ya tafi, na yi abin da mai ilimi ke yi: na gwada buroshin a bayan hannuna. Ya bar mini fararen layuka. Nan take na yanke hukunci cewa wannan kayan azaba ne, kuma mutum zai iya zama dakta a lissafi bai san tausayin dabba ba. Na jefa shi cikin shara, ina jin daɗin kaina. Ranar kasuwa na tafi neman wanda ya fi shi imani. Matsalar ita ce limami ba ya tsayawa a tsakiyar kasuwar Dutsin-Ma ya ce yana neman buroshin kare.

"Na takalmi ko na kaya, Malam?" in ji mai tireda.

"Na gashi."

"Gashin wa?"

"Na wani baƙo ne."

"To, gashin nasa mai laushi ne ko mai tauri?"

"Mai yawa ne," na ce.

Ya dube ni, ya dubi sanƙona, ya shiga jero mini kaya kamar mutumin da ya san darajar ciniki. Na dawo gida da abu uku: matajin roba, buroshin doki, da buroshin takalmi mai laushi kamar gashin jariri. Matajin roba ya bar haƙora huɗu a cikin gashin a karon farko, ban sake ganinsu ba. Buroshin doki yana zamewa a sama yana tayar da ƙura. Na takalmin ne ya ci jarrabawa, domin yana kwantar da gashi ya sa shi ƙyalli, kuma karen ba ya motsi. Sai na ƙara da wata dabara wadda a lokacin na yi alfahari da ita. Ni mai shiga gaban mutane ne sau biyar a rana, ba na son gashin kare a rigata, don haka na ɗaure buroshin a bakin sandar tsintsiyar yanar gizo mai tsawon kamu huɗu. Kowace safiya ina tsayawa daga bakin ƙofa in shafa Manjo daga nesa, kamar mai shafa wa bango farar ƙasa. Ya yi sheƙi. Har hoto na sa aka ɗauka na aika wa Dakta, ya amsa da godiya.

Ruwa ya zauna, ciyawa ta fito a ɗan tsakar gidan, karen yana birgima cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ƙarangiya. Wajen sati na biyar wani wari ya fara tashi. Na yi tunani irin na makaranta: wari daga dauɗa yake, maganin dauɗa wanka. Na kaɗa sabulu a bokiti na watsa masa daga nesa, na bi da ruwa, na bar shi ya bushe a rana. Bayan kwana uku na sake. Warin ya ƙaru. Ya daina cin abinci, ya koma kusurwa ya kwanta, in buroshin ya taɓa bayan kunnensa sai ya yi wani ƙaramin kuka. Daga sama kuwa gashin yana nan lumui, ba abin da ido zai kama.

A wannan halin Yaya Hure ta zo. Ku ƙanana ba ku san ta sosai ba: ita ce babbar yayata, wadda ta goye ni, tana zaune a Birchi ta ƙasar Kurfi, ba ta taɓa shiga aji ba, kuma har ta rasu tana kaɗin zare da mazari. Ta zo kasuwa ta biyo ta gaishe mu. Tun daga ƙofa ta tsaya ta ɗaga hanci.

"Lawwali, mi ya mutu a gidan nan?"

"Babu abin da ya mutu, Yaya. Karen ɗan haya ne ba ya jin daɗi."

"To bai mutu ba, amma ya kama hanya. Nuna mani shi."

Na kai ta, na nuna mata sandata, ina bayani. Ba ta saurare ni ba. Ta ɗaure zanenta, ta durƙusa, ta sa yatsu biyu a wuyan dabbar ta tsaga gashin kamar yadda mai kitso ke fidda layi. Yatsun ba su shiga ba. A ƙarƙashin wannan ƙyalli da na yi sati shida ina gogewa, gashin ya dunƙule ya zama abu ɗaya, kamar tsohon bargo da aka jiƙa aka matse, da ƙarangiya a daskare ciki. Ta ce a kawo almakashi. Mahaifiyarku ta miƙo shi daga nesa, a bakin tsinke. Yaya ta yanka a bayan kunne, ta ɗaga dunƙulen kamar murfin tukunya.

Na ga gawa a rayuwata, na yi wa mutane wanka, ban taɓa ganin abin da ya kai na ranar ba. Babu fata a wurin. Jan nama ne tsirara, yana ruwa, kaska sun jeru a gefensa sun ƙoshi kamar 'ya'yan wake, a tsakiya kuma fararen tsutsotsi suna motsi, suna shiga suna fita. Ta yanka a hammata, haka. Ta yanka a gindin wutsiya, ya fi muni. Karen bai cije ta ba, bai ma ɗaga kai ba, ido kawai ya juyo ya dube ni. Na dafa katanga ina ta innalillahi, sandar tana hannuna har lokacin, ban san ina riƙe da ita ba.

"Wanka ka yi mashi?" in ji Yaya.

"Sau biyu."

"Hedimasta! Wace mace ka taɓa gani ta jiƙa kai kafin ta tsefe ta taje? Ruwa ɗaure gashi yake. Kai da hannunka ka ɗinke mashi wanga bargo."

Na juya ga mahaifiyarku. "Hajiya, kin san haka?"

"Yarinya 'yar shekara bakwai ta san haka, Malam."

"To me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Ai ba ka tambaye ni ba. Na ga kana da sanda."

Yaya ta aike ni kamar yadda take aikena ina yaro. Na hau acaɓa zuwa Kurfi na ɗauko wani malamin dabbobi da ke duba mata awaki, muka biya Birchi na karɓo abin da ta ce in ɗauko a ƙarƙashin gadonta, ɗaure cikin tsumma. Malamin ya wanke miyakun, ya fidda tsutsotsin ɗaya bayan ɗaya da hantsaki, ya yi allura, ya fesa shuɗin maganin nan da ake fesa wa shanu. Ya ce da an ƙara sati ɗaya, da rami za mu haƙa. Da ya tafi, Yaya ta kwance tsumman. Matajin auduga ne na mahaifiyarmu, allunan katako biyu masu mariƙi, waɗanda ake taje auduga da su kafin kaɗi. Na juya ɗaya na dubi fuskarsa: ƙananan wayoyi ne a jere, masu ɗan lanƙwasa a baki. Shi ne buroshin Dakta Bulus sak, wanda na jefa a shara saboda tausayi.

"Wannan ai zai yage shi, Yaya," na ce, da ragowar taurin kaina.

"A hannunka zai yage shi. Auduga ta fi fatar kare laushi, ka taɓa ganin na yage ta?"

Kwana goma ta yi a gidanmu tana koya mini. Inda ya dunƙule har fata, almakashi ne, babu wata dabara. Inda ya saura, sai ka tsaga layi har ka ga fata da idonka, ka riƙe gashin daga tushe da hannun hagu don kada ya ja, ka fara daga baki kana sauka a hankali, hannu sake, ba dannawa. In ka gama layin sai ka bi shi da matsefin ƙarfe mai faɗin haƙora. In ya wuce bai tsaya ba, ka matsa gaba, in ya tsaya, ba ka gama ba. Buroshi mai laushi, in ji ta, na mai gajeren gashi ne da mai son yaudarar ido. Gashi mai kauri yana son haƙoran da za su kai ƙasa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne aikin ba ya yiwuwa daga nesa, ba ya kuma yiwuwa a duhu. Dole ka zauna a tabarma cikin hasken rana, ka ɗora kan dabbar a cinyarka, ka ji inda take zabura. Na ware tsohuwar riga domin wannan, in na gama in yi wanka in canza. Da za ta koma na miƙa mata matajin, ta ce audugarta ba za ta bi bayan kare ba, in riƙe.

Katangar ɗan tsakar gidan nan ba ta wuce ƙirjin mutum ba. Wata rana kafin la'asar, Alhaji Mamman mai hatsi, wanda ya gina masallacinmu kuma maganarsa ce ke zama a cikinsa, ya biyo ya tafi da ni salla. Ya leƙo. Ina zaune, kan Manjo a cinyata, shuɗin magani a yatsuna, ina ce masa, "Yi haƙuri, saura kaɗan."

"La'ilaha illallahu! Malam Lawal! Liman!"

"Sannu da zuwa, Alhaji. Ba ni minti goma in yi wanka."

"Da wannan hannun kake shafa mana fatiha?"

Bai jira amsa ba. Ranar wani ya ja sallar, kuma da aka idar dattawan unguwa suka ce in tsaya. Ban taɓa ganin fuskokin mutanen da na sani shekara da shekaru sun zama haka ba. Wasu ko dubana ba sa iya yi, kamar an ce musu an kama ni da kwalba. Alhaji ya ce mala'ikun rahama ba sa shiga inda kare yake, kuma zukatan jama'a ba za su natsu a bayan mutumin da ke rungumar najasa ba. Ni kuma na yi abin da na iya. Na tuna musu cewa a littattafan fiƙihun da muka karanta a zaure, a mazhabarmu, kare mai rai ba najasa ba ne, kuma an yarda a ajiye shi don gadi. Ban gaya musu cewa Manjo bai taɓa gadin komai ba sai kwanonsa. Na kawo hujja, na kawo ta biyu, na gyara wa wani dattijo karatunsa a gaban mutane, abin da bai kamata in yi ba. Na ci gardamar sarai, kuma ina kallo jama'ar suna fita daga hannuna.

"Malam, mu ba mu iya littafi kamarka ba," in ji Alhaji. "Magana ɗaya ce. Akwai mafarauta a Karofi, a ba su shi gobe. Ko kuwa ka zaɓa."

Kare mai miki uku a jiki, wanda bai taɓa bin zomo ba, kowa a wurin ya san kwana nawa zai yi a hannun mafarauta. Na ce musu ba nawa ba ne balle in bayar, amana ce na karɓa da bakina, kuma zan koma sahu har mai shi ya dawo. Ba wanda ya sauke ni. Ni na ja da baya, na tsaya a bayan wani da na koya wa haɗa baƙi. Na san kuɗin wannan bai tsaya a kaina ba. An daina kirana ɗaurin aure da raɗin suna. Mahaifiyarku ta yi wata biyu ba ta zuwa biki saboda tambayoyin mata. Ke kuma Asma'u, na san sunan da aka riƙa kiranki da shi a islamiyya, ko da yake ba ki taɓa faɗa mini ba.

Dakta Bulus ya dawo bayan an yi girbi, ya rame, ya binne mahaifiyarsa, ya kuma sami canjin wurin aiki zuwa kusa da gida. Karen ya kusa ture shi ƙasa. Gashin ya tsiro, sai dai wuraren da aka yanke sun fi guntu, kuma nan hannunsa ya fara zuwa. Na gaya masa komai game da shara da sanda da wanka, ban rage ba. Ya daɗe yana shafa bayan kunnen, sannan ya ce, "Amma yana da rai, Malam." Maganar masallaci ban gaya masa ba, kuma har yau ban tsammanin ya sani. Ya samo motar ɗaukar kaya, suka tafi da safe, su biyu a gaba.

Bayan sati ɗaya Alhaji Mamman ya zo zaurena da dattawa biyu. Ya yi magana mai daɗi, kuma na yarda da zuciya ɗaya ya zo. Ya ce tun da abin ya bar gidan, jama'a na son limaminsu. Abu ɗaya kawai suke roƙo, don hankalin mutane ya kwanta: bayan sallar la'asar in miƙe in ce na yi kuskure a sha'anin karen nan, na tuba.

Ina son wurin nan. Kada wani ya ce muku ban so ba. Shekara tara ina tsayawa a gaba, kuma bayan na bar makaranta shi kaɗai ne wurin da ya rage ake jiran muryata.

"Zan miƙe, Alhaji," na ce. "Dama akwai tuba a kaina. Zan gaya wa jama'a cewa an ba ni amanar dabba mai rai, na yi sati shida ina shafa ta da buroshin takalmi a bakin sanda don kada rigata ta ɓaci, tsutsa na cin ta da ranta, ni kuwa ina zuwa in tsaya a gabanku fes. Wannan zan tuba a kai, kuma ina so su taya ni roƙon gafara."

"A'a, Malam, ba wannan ba. Na cinyar."

"Na cinyar shi ne kaɗai abin da na yi daidai a shekarar nan."

Suka dubi juna. Ɗaya daga cikin dattawan ya fara neman takalminsa. Alhaji ya ce in sake tunani, na ce to, kuma na yi, na yi shekaru ina yi. Wani lokaci nakan ga akwai girman kai a amsar da na ba shi, domin ni mutum ne mai son ya zama shi ke da gaskiya, kun fi kowa sani. Amma ko yau aka dawo mini da tambayar, ban ga wata amsar da zan iya bayarwa ba tare da na yi ƙarya a cikin masallaci ba. Da aka kira la'asar ranar, na yi alwala na tafi tare da su. Na tsaya a sahu na biyu, kusa da taga, kuma nan nake tsayawa har yau.